Yadda Mai Haɗa Kiɗa Zai Tunkari Kamfanin da Ya Mayar da Manhajarsa ta Haya

A ƙarshen watan Maris na 2023, kamfanin Waves, wanda ƙananan manhajojinsa na gyaran sauti suka cika ɗakunan ɗaukar waƙa a duniya, ya sanar da cewa ya daina sayar da lasisin mallaka, duk mai son kayansa sai ya riƙa biyan kusan dala 15 ko dala 25 a kowane wata. Masu amfani da kayan suka yi masa ca, kuma ba a yi mako guda ba Meir Shashoua, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa yana janye matakin. Kamfanin Avid ma ya rufe wa sababbin masu saye ƙofar mallakar Pro Tools, manhajarsa ta ɗauka da haɗa sauti, a 2022, sannan ya sake buɗe ta a 2023. A ganina, kukan mai saye yana yin tasiri ne idan kamfani ya tabbata cewa mai kukan zai iya tattara kayansa ya koma wani wuri, don haka shiri ya kamata ya riga ƙorafi.

Ka fara da ceto tsofaffin ayyukanka, domin ta nan ne haya take ɗaure mutum. Ranar da kuɗin wata ya yanke, za ka buɗe waƙar da ka gama shekara biyu da suka wuce saboda mawaƙin ya dawo yana son a ɗaga muryarsa kaɗan, sai saƙo ya fito cewa babu lasisi, muryar ta fito a bushe ko ta ɗauke gaba ɗaya, alhali kuwa aikin naka ne, kai ka kwana a kansa. Maganin wannan shi ne ka fitar da kowane layin sauti daban a matsayin fayil na WAV (nau'in fayil ɗin sauti da manhajojin kiɗa suke iya buɗewa) tun manhajar tana aiki, kuma ka fitar da shi sau biyu: ɗaya da dukkan gyaran da ka yi masa, ɗaya kuma tsurarsa ba gyara. Dukkan layukan su fara daga daƙiƙa guda, ta yadda za su hau daidai a kowace manhaja ka zuba su. Ka haɗa da fayilolin MIDI (masu riƙe bayanin abin da aka kaɗa, ba sautin kansa ba), ka rubuta saurin kiɗan a cikin sunan jakar, ka ɗauki hoton saitin duk abin da ka sha wahala kafin ka daidaita shi. Aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa ya fi kyau ya zama ɗabi'a a ƙarshen kowace waƙa. Haka nan ka adana rasit, lambar lasisi da fayil ɗin girka manhajar da ka riga ka saya, kuma kada ka yi gaggawar sabunta tsarin kwamfutarka, domin sau da yawa sabuntawar ce take hana tsohuwar manhaja tashi.

Bayan haka sai lissafi. Dala 25 a wata ta zama dala 300 a shekara, dala 1,500 a shekara biyar, kuma ranar da ka daina biya ba ka da komai a hannu. Sai dai a faɗi gaskiya, haya tana da amfani ga mai koyo ko wanda aikin wata ɗaya kawai ya kawo shi. Abin ƙi shi ne a ce babu wata hanya sai ita. Ka duba waƙoƙinka goma na baya ka ƙirga manhajojin da ka taɓa da gaske, watakila ba su wuce biyar ko shida ba cikin tarin da ake tallata maka.

Da wannan jerin a hannu za ka nemi madadi. Kamfanin Image-Line yana sayar da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio sau ɗaya tare da sabuntawa kyauta har abada, Reaper, wanda shi ma na haɗa kiɗa ne, yana da lasisin dala 60 ga mai ƙaramin aiki, dandalin kayan kiɗa na Splice kuma yana da tsarin biya kaɗan-kaɗan har abin ya zama naka. Ka gwada madadin a kan waƙa ta gaske, daga farko har ƙarshe, kafin ka ce ka shirya.

Sai a sannan ka rubuta wa kamfanin. Ka faɗi shekarun da ka yi kana sayen kayansu, abin da ka kashe, ainihin aikin da sabon tsarin zai lalata maka, da buƙata guda bayyananna: a dawo da lasisin mallaka kafaɗa da kafaɗa da hayar. Ka ambaci sunan madadin da ka gwada. Ka maimaita maganar a fili a shafukan kamfanin na sada zumunta, ka sanar da dillalin da ka saba saye a wurinsa, domin shi ma cinikinsa ne ake taɓawa. Zagi ba ya ƙara wa hujja nauyi, sauke kwafin sata kuma yana mayar da kai wanda ba shi da bakin magana, ban da haɗarin cutar kwamfuta.

Idan kamfanin ya janye, ka karanta sharuɗɗan a tsanake, domin lasisin mallaka ba ya nufin sabuntawa kyauta. Waves, alal misali, ya dawo da mallakar tare da tsohon tsarinsa na biyan kuɗin sabuntawa, don haka ka tambaya a rubuce ko kwamfuta nawa lasisin ya ƙunsa, da abin da zai faru da shi idan wa'adin sabuntawar ya ƙare.