Yaro, ƙwallo da Islamiyya: inda iyayen Jos ke yin kuskure

A yawancin gidajenmu na Jos, rigimar ƙwallo tsakanin La'asar da Magariba take tashi. Lokacin Islamiyya ke nan, kuma a lokacin ne kowane fili ke cika, daga Anguwar Rogo har Rikkos. Yaro zai fita da jakar littattafansa kamar mutumin kirki, sai maƙwabci ya hango jakar a fili an mai da ita turken gola.

Abin da uba kan fara yi shi ne bulala da rantsuwar cewa an yi ban kwana da ƙwallo. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Yaron ba zai daina ba, ƙarya kawai zai ƙware a kai: ya ɓoye jesi a gidan abokinsa, ya wanke ƙafa a famfon masallaci kafin ya shigo gida. Gyaran yana cikin rabon kwanaki. Yawancin Islamiyyu na hutu Alhamis da Juma'a, don haka yammacin waɗannan ranaku a bar wa atisaye, a ƙara da safiyar Asabar idan babu hadda. A faɗa wa malam, a faɗa wa koci, kowa ya san ranarsa. Yaron da ya tabbata Alhamis tasa ce ya fi zama lafiya a aji ranar Talata.

Sai batun salla. Iyaye kan yi faɗa bayan an riga an rasa Magariba, alhali kocin ne ya kamata a tara tun farko, a roƙe shi ya riƙa busa tashi kamar minti ashirin kafin kira. A sa wa yaro dogon wando a jaka, domin gajeren wandon ƙwallo ba ya rufe gwiwa, kuma da wannan uzurin da dama ke cewa sai sun je gida. Ƙungiyoyin yaran Jos da yawa haɗe suke, Musulmi da Kirista, saboda haka kocin da ya san aikinsa ba ya sa wasa lokacin Juma'a ko safiyar Lahadi. A ganina wannan cuɗanya na cikin manyan ribar ƙwallon, a garin da unguwanninsa suka rabu tun bayan rikicin 2001.

Akwai kuma waɗanda suka zarce ta ɗaya gefen, kuma su ne suka fi ba ni tsoro. Da yaro ya yanke mutum biyu ya ci, shi ke nan, an haifi Ahmed Musa a gidan. Gaskiya ne garin nan ya fitar da zakaru. A nan aka haifi Mikel Obi a 1987, ya taka wa Plateau United leda kafin ya kai Chelsea. A nan aka haifi Ahmed Musa a 1992, ya bi ta akadamin GBS da ƙungiyar JUTH, ya je Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka guda. Amma a duba yadda ya fita: ko da VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta ɗauke shi a 2010, sai da ya cika shekara 18 a watan Oktoba kafin ya fara buga mata. Dokar FIFA ce ta hana cinikin yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, ban da wasu 'yan keɓantattun yanayi da da wuya su shafi ɗan Gangare. To idan wani ejan ya zo da hotunansa da Turawa a waya, ya ce zai kai ɗanka mai shekara 14 Sifen, a kawo kuɗin biza da fasfo, sai ka ba shi ruwa ya sha ka raka shi ƙofa. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke biyan kuɗin jirgi. Kada a sayar da fili ko keken ɗinkin uwa, kada kuma a cire yaro daga makaranta. Tsaya ka ƙirga yara nawa ke atisaye a filin wasa na Rwang Pam da filayen firamare kowace yamma, sannan ka ƙirga nawa ka taɓa gani a talabijin.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne rage shekaru. Uba da kansa zai je a yi wa ɗansa sabuwar takardar haihuwa, ɗan sha bakwai ya koma sha uku. Tun 2009 FIFA ke amfani da hoton MRI na wuyan hannu don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da shekara 17, kuma a 2016 wannan gwaji ya zubar da fiye da 'yan wasa ashirin daga tawagar Najeriya. Ko ba a kama shi ba, da wane baki za ka tura shi ya haddace hadisin gaskiya da yamma?

Jikin yaro ma ana yi masa sakaci. Sanyin Jos a Disamba da Janairu ba wasa ba ne, a bar shi ya ɗumama jiki kafin ya fara gudu, a shafa masa man kaɗanya saboda faso, mai asma kuma ya tafi da abin shaƙarsa. Ɗan shekara tara ƙwallo mai lamba 4 ce daidai da shi, ba ta manya mai lamba 5 ba. Idan ya bugu a kai har ya ga jiri, ya yi amai ko ya rikice, wasan ya ƙare a ranar, a wuce asibiti, ba a watsa masa ruwan leda a ce namiji ne ya tashi ba. Idan gaɓa ta kumbura ya kasa takawa, a fara ɗaukar hoto kafin a nemi mai ɗori, don ƙashin yara na da wurin girma kusa da gaɓa, matsa shi da ƙarfi na iya barin nakasa. A lura da abin da manyan fili ke miƙa wa ƙanana da sunan ƙarin kuzari, ta nan Tramadol ke shigowa. Da azumi kuwa a mayar da atisaye dab da buɗa-baki, a sassauta shi.

'Yan mata kan nemi shiga, a kore su da cewa babu sutura. Tun 2014 aka halatta rufe kai a dokokin ƙwallo, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya ta 2023 da hijabinta. Marigayi Ismaila Mabo, kocin da ya kai Super Falcons, tawagar matan Najeriya, zagayen kwata-fainal na gasar cin kofin duniya a 1999, ɗan Jos ne. Abin nema shi ne wuri mai tsari da mace a cikin masu kula.

Duk waɗannan ba za su gyaru daga kan tabarma ba. Iyaye da yawa sun san malamin Islamiyyar ɗansu har gida, amma sunan koci ma ba su sani ba, "Koci" kawai. Ka je filin ba tare da sanarwa ba, ka tsaya gefe ka ji yadda yake magana da yaran idan an ci su. Ka karɓi lambarsa, ka tambayi wa ke raka su idan za a je wasa Bukuru, a wace mota, kuma ƙarfe nawa za a dawo.