Yadda Za Ku Riƙe Hannun Mai Bishara a Cikin Jos

Shekara 9 ke nan ina riƙe da littafin kuɗin zumuntar mata a ikkilisiyarmu da ke Tudun Wada. Da an ce aikin bishara, sai hankalinmu ya tafi ƙauye, don mun taso da labarin 'yan mishan na farko, su Bingham da suka sauka Legas a 1893, da Karl Kumm da ya iso Wase a 1904. To yanzu ƙauyen ne ya biyo mu gari. Wanda rikici ya koro daga Riyom ko Barkin Ladi ko Mangu, yana nan a ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyar a Angwan Rukuba ko Gada Biyu, ba wanda ya san da shi sai mai bisharar unguwa.

Kafin ku tara ko sisi, ku taka ku je gidan mai bisharar. Ku zauna da matarsa musamman. Shi Baba, kome kuka tambaya, "mun gode Allah" zai ce. Mama ce ta san inda rufin ke yoyo. Mu lasifika muka yi niyyar saya, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "'Yan'uwana, haya ce ke hana mu barci." A ƙauye ana ba mai bishara ɗaki da gona. A Jos mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule, ga ruwan 'yan garuwa, ga kuɗin Keke Napep duk ranar da za shi duba marar lafiya.

Saboda haka ku yanka wa kanku abin da za ku iya kowane wata, ban da zakka da baikon Lahadi. Kaɗan mai ɗorewa ya fi mini babban taron tara kuɗi na sau ɗaya a shekara, wanda rabinsa ke tafiya a abinci da hayar kujeru. Mu mata 14 ne. Muna tarawa ranar zumunta ta farko a wata, mutum biyu su ƙirga, a rubuta, a karanta a gaban kowa, dattawan ikkilisiya kuma su sani. Kada kuɗi ya kwana a jakar mutum ɗaya, ko ni ce.

Sanyin Jos ba ya jiran Kirsimeti. Tun Nuwamba ku leƙa Katako ku zaɓo rigunan sanyi da barguna na gwanjo, ku wanke su tas kafin ku bayar. In yaran titi ne a zuciyarku, ku tuntuɓi Gidan Bege, cibiyar Kirista da ke kula da irin waɗannan yara, ku ji abin da suke bukata tukuna. Littafi Mai Tsarki kuma ku sayi na Hausa, shi 'yan gudun hijirar nan suka saba ji.

Ku ma ku bi mai bisharar ziyara, biyu-biyu, gida ko asibitin Jankwano. Ku riƙa sauraro fiye da magana.

Tun rikicin 2001 garin nan ya rabu, kowa ya san unguwar da yake shiga da ɗar-ɗar. Kada ku juya lasifika ta fuskanci gidan maƙwabci Musulmi. In an yi masa rasuwa ku je gaisuwa. Ranar rabon barguna, matar da ta zo da goyo tana rawar sanyi, kada ku tambaye ta inda take sujada, ku miƙa mata nata.