Sharar bayan hunturu: inda muke ɓata wahalarmu

Duk macen da ta yi hunturu ɗaya a Zariya ta san ƙurar garin nan. Ki share da safe, ki goge, kafin azahar sai ki iya rubuta sunanki da yatsa a jikin madubi. Tun daga Nuwamba har Fabrairu haka ake fama. Shi ya sa da iska ta kwanta, zafin Maris ya fara leƙowa, sai kowa ta ɗaura ɗamarar kakkaɓe gida. A shekarun nan ma abin ya haɗe da shirin Sallah, tunda ƙaramar Sallar 2025 a ƙarshen Maris ta faɗo. Ga shara, ga zaryar gidan tela, ga azumi a baki.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, wannan sharar tana tsakanin abokan gaba biyu ne: ƙurar da ta wuce da danshin da ke tafe. Ruwa a nan yakan fara sauka ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, ya kai ƙarfinsa a Agusta. Duk abin da kika adana da datti ko da laima a watan Maris, a Agusta zai tona miki asiri. Yawancin kurakuran da zan ambata daga nan suka samo tushe, kuma kusan duka na taɓa yin su da hannuna.

Na farko garaje ne. An samu kwana uku babu hazo a Fabrairu, sai uwargida ta sauke labulaye duka ta wanke. Mako bai zagayo ba buji ya dawo, an yi aikin baban giwa. Ki bari sai kin ga dare ya daina sanyi, an fara neman fanka. Ɗaya ɓangaren kuma masu bari sai jajiberin Sallah, a haɗa wankin labule da suyar kaji da kitso a yini ɗaya. Ɗaki ɗaya a rana ya isa. Ki kuma yi lissafin ruwa tun kafin ki fara, domin a wannan lokacin ne rijiyoyi ke ja baya, 'yan garuwa su yi tsada. Ruwan ɗaurayar kaya kada ya tafi kwata, shi ne na goge ƙasa da wanke tsakar gida.

Sai farawa daga ƙasa. Mun saba da safe tsintsiya muke fara ɗauka, to a babbar shara ita ce ta ƙarshe. Ki fara da silin da yanar da ke kusurwa, ki bi fikafikan fanka, saman sif, bayan hotuna, sannan ragar taga, wadda ita ce ma'ajiyar ƙurar hunturu gaba ɗaya. Idan ba a wanke ragar nan ba, iskar farko da ta kaɗa za ta maido miki da duk abin da kika fitar. Wasu kuma da zarar sun ga ƙura ta yi kauri sai su kwara mata ruwa, ta koma caɓo, ta shige ramukan tayil ta bushe a can. A kwashe mai kaurin tukuna da busasshen tsumma ko tsintsiyar laushi, a hankali ba tare da kaɗawa ba, sannan a bi da tsumma mai laima. Ki rufe hancinki. Yaro mai asma kuwa a tura shi gidan kakarsa ranar.

Yanzu ga wanda ya fi tsorata ni, wato haɗa magungunan wanki. Akwai tunanin da ya zauna mana cewa idan ɗaya yana da ƙarfi, biyu sun fi. Wata shekara na zuba bilic a masai, na ga bai yi mini fari yadda nake so ba, na ƙara da ruwan wankin masai mai ƙarfin nan, na ja ƙofa na hau gurza. Ban yi minti biyu ba idona ya fara zubar da ruwa, maƙogwaro ya riƙe, tari ya sarƙe ni. Da rarrafe na fito. Goggona da ke zaune a tsakar gida ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, wanka kika shiga ko dambe?" Laifina ne, domin a jikin robar an rubuta kada a haɗa, ban karanta ba. Bilic, irin su Hypo da Jik, idan ya gamu da abu mai tsami kamar yawancin magungunan wankin masai, ko ruwan kal, yana sakin iskar kulorin mai guba. Ɗaya ake amfani da shi, a ɗauraye da ruwa sosai, kuma ƙofa da taga a buɗe. Ba a zuba bilic a ruwan zafi, ba a kuma juye shi a robar lemo ko ta ruwan sha, saboda yaro mai ƙishirwa ba ya tambaya.

Haka batun fiya-fiya da Sniper. Maganin ƙwarin gona ne, ba na ɗakin kwana ba, har hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni tun 2019. Amma har yau za ki ga an yayyafa shi a ƙarƙashin gado da cikin sito kusa da buhun masara, a rufe ɗaki, da dare a kwantar da yara a ciki. Kyankyaso abinci da ruwa yake bi. Ki toshe rami, ki rufe kwandon shara, ki daina kwana da kwanukan wanke-wanke, rabin yaƙin ya ƙare.

Mu shiga sif, inda maganar take da yawa.

Kuskuren da kowa ke yi shi ne zazzage kaya duka a kan gado da ƙarfe goma na safe. La'asar na yi an gaji, maigida ya kusa dawowa, sai a tattara a cusa yadda aka fito da su, har ma ya fi da hargitsewa. Ki ɗauki ɓangare ɗaya, yau zannuwa da atamfofi, gobe mayafai da hijabai. Kowane kaya kika ɗaga ki tambayi kanki yaushe rabonki da shi. Akwai ankon bikin da aka yi shekara bakwai, amaryar ma 'ya'yanta uku. Akwai rigar da ake jira a rame a saka. Akwai turamen lefe da ba a taɓa kai wa tela ba, suna nan a ninke har layin ninkin ya koɗe ya fita daban. Mai kyau da ba kya so, ga dillaliya nan, ko ki ba ƙanwa. Wanda hannu ko wuya ne kawai ya tsufa, tela zai sake masa fasali da kuɗi kaɗan, ya fi ki shiga kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada ki yanko sabo alhali sif ɗin ba ya rufuwa. Sai dai don Allah, abin da ya yage ya zama tsumma kada a ƙulle shi a leda a ce sadaka ce. Tsumma sunansa tsumma, kuma ga aikin goge-goge yana jiransa.

Barguna da rigunan sanyi su ne suka fi shan zalunci. Zafi na shigowa sai a naɗe su yadda suke a jefa saman sif, wai ai ba su yi datti ba. Wata uku ana shafa man kaɗanya da basilin ana shiga cikinsu, ga gumi, ga ƙura. Wannan maiƙon shi ke kiran asu, shi ne kuma warin da ke tarbarki a Nuwamba. A wanke, a shanya su yini biyu a ranar Maris mai ƙuna har cikinsu ya bushe ƙarau, a bari su huce a inuwa, sannan a adana. Kayan da aka ɗaure a leda da ɗuminsu ko da 'yar laima, fumfuna ce za ta ci su. Tsohon zanin gado ko rigar filo ta auduga ta fi leda, domin kaya na samun iska. Kuma kayan da za su daɗe a ajiye ba a sa musu sitati, ƙwari na son sa. Ranar da za a saka a yi.

Kafur kuma, wanda iyayenmu ke watsawa a kowace adaka, yana korar ƙwari, gaskiya ne. Amma kada ya kusanci kayan jariri, ko zanin goyo, ko kayan mai ciki da ta kusa haihuwa. Akwai jariran da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini da likitoci ke kira G6PD, ya fi yawa ga maza, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Irin waɗannan, kafur na iya farfasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani. Idan kayan haihuwar da kika gada daga yayarki sun kwana cikin kafur, a wanke su tas a shanya kafin a sa wa jinjiri. Ga kuma masu rarrafe da ke ɗaukarsa alewa.

A wajen wanki, ba kowane yadi ke son hannu ɗaya ba. Shadda ba ta son omo mai ƙarfi, ba ta son a jiƙa ta ta kwana, ba ta son murza. Ƙyallinta ne kuɗinta, idan ya tafi sai dai a kai wa masu bugu su taimaka. Atamfa a juya ta bai, a wanke da ruwan sanyi da sabulu mai laushi, a shanya a inuwa. Ranar da ke busar da bargo ita ce ke cinye launin atamfa, musamman idan an manta ta a igiya tun safe har magariba. Sabuwa kuma a wanke ta ita kaɗai, ko da mai shago ya rantse ba ta zuba. Leshi mai duwatsu ba a matse shi, ba a kuma ɗora masa dutsen guga kai tsaye. Babbar rigar maigida mai aikin hannu, irin aska takwas ɗin da maɗinkan cikin birni ke shafe watanni a kanta, ba ta burushi ba ce. A ninke ta aikin yana ciki, kada a rataye, nauyinta na jan wuyan ya saki.

Turare ba ya wanke kaya. Na faɗa ne don na sha gani: hijabin da aka sa sau huɗu a ɗora a kabbasa, ƙamshi ya hau kan tsami, abin ya zama wani iri. A wanke tukuna. Humra mai mai kuma a jiki ake shafa ta, idan ta taɓa shadda ko farin mayafi tabon ya zauna ke nan. Masu sa kasko da garwashi a cikin sif su ja ƙofa, Allah Ya kiyaye, amma gobara ba ta sallama.

Kafin ki mayar da kaya, ki jawo sif ɗin gaba ki leƙa bayansa. Idan kin ga siririn layin ƙasa ya hau bango ko katako, gara ce, a yi maganinta yanzu tun ba ta samu damina ba. Ki bar tazarar tafin hannu tsakanin sif da bango, balle bangon da ruwa ke duka ta waje. A gidajen ƙasa na cikin birni da sababbin gine-ginen bulo na su Hanwa da Palladan duk ɗaya ne, bango na tsotsar ruwa ya miƙa wa katako. Akwatuna ma a ɗora su a kan wani abu, kada su zauna a siminti.

Kafet da ledar ɗaki, a taƙaice: kada a shimfiɗa sai ƙasan ya bushe, shi ma ya bushe. Katifa a fitar da ita rana, a duba ɗinkin gefenta da lungunan katakon gado. Ɗige-ɗige baƙaƙe alamar kuɗin cizo ce, kuma rana kaɗai ba ta gamawa da shi, sai an haɗa da tafasasshen ruwa a gadon da zannuwan. Kayan gwanjo ma a wanke a goge da wuta kafin su shiga cikin sauran.

A kicin mun fi ba kayan jere ƙarfi, a goge tangaran da samira su yi ta walƙiya don baƙi, a manta da sito. Can ne ragowar garin bara yake, da waken da ya fara huda, da kuka da kuɓewar da suka sha iska suka rasa ɗanɗano. Sabon hatsi ba ya hawa kan tsoho a mazubi ɗaya. Randa da duro da tanki su ma a wanke su yanzu da ruwa ya yi ƙasa, a samo musu murfi.

Sharar da aka tara fa? Nan ne wasu ke kammala aikin da ɓarna: a cinna wa tsummokara da robobi wuta a tsakar gida, hayaƙin ya bi labulen da aka wanke jiya, ko a tura yaro ya juye a lambatu da dare. Lambatun nan shi zai toshe a ruwan farko ya dawo miki da kayanki har zaure, abin da ya wuce kuma ya gangara kogin Kubanni. Ƙarafa da tsofaffin robobi 'yan gwangwan na saye. Sauran a kai bola. Gwangwanaye da fasassun bokitai da tsohuwar tayar da ke bayan ɗaki a kawar da su, domin da sun tari ruwa sauro ya samu gidan haya. Wannan aikin na samarin gida ne, ba sai uwa ta yi komai ita kaɗai tana azumi ba.

Ki sa maigida ya kira kafinta ya hau rufi tun a Afrilu, ya duba inda ya yi yoyo bara, tabon yana nan a silin ai. Kuma ranar da kika ga gabas ta haɗe a karon farko, ki bar abin da kike yi ki kwashe shanya, ki rufe tagogi. Hadarin farko a Zariya da jar ƙura yake fara sallama, wani lokacin ma ya watse ko ɗigo bai sauke ba.