Gangarowa daga dutse: giya ce ke riƙe mota, ba birki ba

Jama'a masu shiga ƙauyukan tsaunin Mambila da Hilux ko Land Cruiser, musamman da damina, a kula da gangara fiye da hawa.

Kafin ka fara sauka, tsaya cak, ka sa motar a firi, ka shigar da 4L, wato giyar ƙarfi mai jan tayoyi huɗu a hankali, sannan giya ta ɗaya. Bar inji ya riƙe ta, birki kuwa ka riƙa taɓa shi kaɗan-kaɗan. In ka kwanta a kansa tun daga sama, zai ɗau zafi, man birki ya tafasa, ka taka ka ji ƙafa ta nutse ba kamu. Masu sakin mota a firi don tattalin mai, ganganci ne tsagwaronsa. Taka kuloci a tsakiyar gangara ma haka yake.

A kan duwatsu da taɓo, rage iskar taya zuwa 22 ko 25 psi (ma'aunin iskar taya) domin ta kama ƙasa sosai. Amma ka tafi da famfon iska, ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta, ka kuma fita daga 4L, in ba haka ba taya da giyar za su ji jiki.

Idan mota ta kasa hawa, kada ka juya ta a jikin dutse, nan take kifewa. Sa ribas ka dawo a miƙe, a hankali, wani yana ƙasa yana nuna maka hanya. In za a tsaya, a sa waigi, wato abin tokare taya.

Bayan tsallake rafi, taka birki sau biyu ko uku kana tafiya sannu har ya bushe.