Ƴar jakar kayan kwalliya mai zif: yadda nake ɗinka tawa da ragowar atamfa

Wallahi abin da ya sa na fara ɗinka ƴan jakunkunan nan haushi ne. Biki za mu je Damagaram, na zuba hoda da kwalli da kwalbar humra cikin leda na cusa a tsakiyar kaya, ko da muka sauka na buɗe jaka humrar nan ta tsiyaye kaf a kan shaddar da zan sa ranar ɗaurin aure, ga jan baki zafin mota ya narkar da shi ya bi ya shafe ɗankwali. Tun ranar na ce ni da leda har abada. Kuma abin ba wuya, in kin iya miƙe ɗinki a keke to kin iya wannan, wuri biyu ne kawai ake faɗawa rami, zan gaya miki su in mun iso.

Ki fara da ƙyalle. Ba sai kin yanka sabon turmi ba ƴar uwa, ragowar atamfar da tela ya maido miki bayan ɗinkin salla ta isa har ta yi yawa. Sai dai in ba a taɓa wanke ta ba ki jiƙa ki shanya ki goge tukuna, don atamfa na ɗan tsukewa a wankin farko, wata ma ta yi zuba. Ki yanka guda 2, faɗi santimita 25 tsawo 18. In kina so buroshin goge baki ya kwanta a ƙasan jakar ba tare da ya tokare ba ki kai faɗin 28, ni ma ta farko da na yi sai a karkace yake shiga.

Shafi kuma, wato na ciki, nan ne nake da ra'ayi mai tsauri. Mutane da yawa sai su sa atamfa ciki da waje don kyau, wata ɗaya hoda da man shafawa sun maida cikin kamar tsumman kicin. Ni ƙyallen tsohuwar lema nake farkewa in sa, ko wannan yadin mai santsi da ruwa ba ya ratsa shi, abu ya zube ki sa tsumma mai ɗan ruwa ki goge shi ke nan. Shi ma guda 2 daidai girman na waje. Amma ki sani irin wannan yadin bai son zafin dutsen guga, musamman na gawayi da ba a iya rage mishi wuta, yanzun nan zai ƙanƙance ya manne. Kuma duk inda kika soka mishi allura hudar na nan, don haka ki riƙe shi da ƴan matsen shanya ko ki soka a bakin da ɗinki zai cinye.

Sai gam ɗin nan da teloli ke mannawa a wuyan riga don ya tsaya, ki manna shi a bayan atamfar da guga, ɓangaren mai ɗan ƙaiƙayi shi ke kallon ƙyalle. In babu shi jakar za ta yi laƙwas. Zif kuwa ki shiga babbar kasuwa wajen masu sai da zare da maɓalli ki ce na roba kike so, lamba 3 ko lamba 5, kar ki yarda da mai haƙoran ƙarfe, shi ne mai karya allura. Ki sayi wanda ya fi faɗin ƙyallen tsawo, kamar santimita 30 ko 35, rarar za a yanke daga baya, kuma tsawon na ba ki damar ture kan zif ɗin can waje ya bar miki hanya. Allura lamba 14 ta isa, in ƙyallen mai kauri ne kamar jins ki sa 16.

To yanzu ɗinki. Ki shimfiɗa atamfa ɗaya fuskarta na kallon sama, ki kifa zif a kan bakinta na sama fuskarshi na kallon atamfar, sai ki kifa shafi a kansu shi ma fuskarshi ƙasa. Wato zif na tsakiya, bakunan ukun sun daidaita. In kina da siririyar ƙafar keke ta sa zif ki ɗaura ta, in babu, irin Butterfly ɗin nan ta gidan kowa ma na yi, a hankali dai, ki bi kusa da haƙora amma kar ki hau su, ki bar ɗan sarari yadda kan zif zai wuce bai ci ƙyalle ba. Kin gama sai ki buɗe ƙyallayen biyu su koma gefe ɗaya bayansu na haɗe, ki danne da yatsa, ki sake bi da ɗinki ta sama kusa da zif. Wannan ɗinkin na biyu kar ki ce ganda za ki yi, shi ke hana shafi shiga cikin haƙora duk lokacin da kika ja. Ɗaya gefen ma haka za ki yi, ki dai duba gefunan sun yi daidai da na farko kafin ki taka keke.

Ga rami na farko. Kafin ki rufe jakar KI ZUGE ZIF ƊIN ya wuce rabi. Na rantse miki babu wadda ta taɓa ɗinka wannan abu ba ta manta ba ko sau ɗaya, ki gama zagaye ɗinki tsaf ki zo juyawa ki tarar ƙofa a kulle ta ciki, sai zaman farka da reza kina tsaki. Bayan kin zuge, ki haɗa atamfa da atamfa fuska da fuska, shafi da shafi, haƙoran zif ki karkata su wajen shafin a gefe biyun. Ki zagaye da ɗinki kina barin santimita 1 daga baki, in kin iso kan zif ki juya keken da hannu, ki koma baya ki sake bi don ya yi ƙarfi.

Rami na biyu, a ƙasan shafin ki bar wajen santimita 8 zuwa 10 ba ɗinki. Ta nan za ki fiddo jakar. Ni da alli nake shata wurin don hira na iya ɗauke ni in rufe.

In kina son jaka lafiyayya mai zama da gindinta a kan madubi, ki yanke ɗan murabba'i santimita 3 a kowace kusurwar ƙasa, huɗu ke nan, biyu a atamfa biyu a shafi. Ki buɗe bakin yankan ki haɗa ɗinkin gefe da na ƙasa su hau kan juna, ki ɗinke a miƙe. Gindin zai fito kusan santimita 6, kwalbar turare ta zauna daram. In kin fi son mai lebur ta sa wa cikin jakar hannu ki tsallake wannan, ki dai rage kusurwoyin da almakashi don kar su yi ƙullutu.

Yanke rarar zif, ki zura hannu ta kafar nan ki jawo komai waje, da farko zai yi kamar kin ɓata aiki, ki ci gaba da ja. Ki tura kusurwoyi da bayan fensir, ban da bakin almakashi don yana hudawa. Ki naɗe bakin kafar ciki ki ɗinke, ki tura shafi cikin jaka, ki goge atamfar kaɗai dutse bai taɓa zif ba.

Kan zif ɗin nakan ɗaura mishi ɗan siririn ƙyalle don hannu mai maiƙo ya samu abin kamawa, in kuma ya fara tauri saboda ƙurar hunturu ki goga mishi kyandir ki ja sau biyu uku. Kuma don Allah ki yi guda biyu, sabulu da soso nasu daban, hoda da kwalli nasu daban, damshi da hoda ba sa shiri. Ta farkon da na yi har yau tana nan da karkataccen zif ɗinta, ƙanwata ce ta ƙwace tana zuba ƙullin lalle a ciki.