Yadda za a gane ƙarancin jinin da garkuwar jiki ta jawo

Jajayen ƙwayoyin jini a ɓargo ake ƙera su, kuma ba su kaɗai suke girma ba. Ƙanana suna kewaye wata ƙwayar garkuwar jiki da ake kira makrofaj, ita ce ke haɗiye cibiyar da kowace ta tofar kafin ta shiga jini. Bayan kwana 120 kuma, makrofaj ɗin saifa da hanta ne ke cinye tsofaffin, su mayar da sinadarin ƙarfen da ke cikinsu ga ɓargo don ƙera sababbi, wajen miligiram 20 zuwa 25 a rana. Hanji kuwa miligiram 1 zuwa 2 kawai yake tsotsa daga abinci.

Idan ciwo ya daɗe, kamar tarin fuka ko cutar ƙoda, hanta na ƙara fitar da wani sinadari mai suna hepsidin. Shi ke toshe ƙofar da ƙarfe ke fita daga makrofaj. Ƙarfen na nan a jiki, amma ɓargo ba ya samu.

Don haka kada a tsaya kan PCV kaɗai, wato gwajin yawan jajayen ƙwayoyi a cikin jini. A auna feritin (ma'aunin ƙarfen da jiki ya ajiye) tare da CRP (alamar kumburi a jiki), a ƙara da cikar transferin (yawan ƙarfen da ke kan sinadarin da ke jigilarsa a cikin jini). Feritin ƙasa da 30 alama ce ta rashin ƙarfe na gaske. Idan CRP ya hau, feritin ya wuce 100, cikar transferin kuma tana ƙasa da kashi 20, to ƙarfen kulle yake.

A nan ƙwayar ƙarin jini ba ta cika yin aiki ba, don hepsidin na hana ƙarfe shiga jini daga hanji ma. Sai a fara da maganin ciwon da ya tayar da garkuwar.