Kurakuran da Ake Yi Idan Dabbar Yara Ta Kamu da Ciwo

Da wuya a samu gida mai yara maza masu tasowa da babu wata dabba da suka jajibo: ɗan kwikwiyon da aboki ya ba su, ko magen da ta haihu a bayan ɗakin girki, ko tattabaru da zomayen da suka tara kuɗin kashewarsu suka saya. Kiwon abu ne mai kyau, domin yana koya wa yaro tausayi da ɗaukar nauyi. Sai dai ranar da dabbar ta ƙi cin abinci ta lafe a lungu, a ranar ake gane cewa yaran ne ke kiwo amma babu babban da ke sa ido. Na gaji da ganin ɓarna iri ɗaya tana yawo daga gida zuwa gida a nan Gombe.

Kuskure na farko da ke kashe dabbobi a gidajenmu shi ne ba su maganin mutane, musamman farasitamol. Hantar mage ba ta iya narkar da wannan magani yadda ta ɗan Adam ke yi, saboda haka sai ya zame mata dafi, ya lalata jininta har ya kasa ɗaukar iska. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar mage. Wannan ya faru a gidana ina wurin aiki. Magen yarana ta wuni ba ta ci komai ba, wani maƙwabci mai kyakkyawar niyya ya ce musu zazzaɓi ne, su daka rabin ƙwaya su ɗura mata da cokali. Kashegari da safe fuskarta ta kumbura, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, tana haki baki buɗe. Da muka kai ta asibitin dabbobi, likitan ya duba bakinta ya ce, "Alhaji, me aka ba ta?" Ƙaramin ɗana ne ya amsa yana kuka. Akwai maganin da ke karya dafin, amma sai an kai dabbar cikin sa'o'in farko, mu kuwa lokaci ya riga ya ƙure mana. Yaron ya daɗe yana ganin shi ya kashe ta da hannunsa, kuma wannan ya fi mutuwar magen yi mini ciwo. Haka magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen suke yi wa kare, suna ƙwaƙule masa ciki su taɓa ƙoda. Tun daga lokacin dokar gidana ita ce babu yaron da zai sa wa dabba wani abu a baki in ban da abinci da ruwa, kuma lambar likitan dabbobi tana rubuce a jikin bango inda kowa zai gani.

Na biyun ya fi wannan hatsari, domin ran yaron kansa yake nema. Yaro yana wasa da karensa da ba shi da lafiya, karen ya cije shi ko ya yakushe shi, sai ya saukar da hannun riga ya yi shiru. Dalilin shirun a fili yake: ya san in ya faɗa za a doke shi, sannan a kori karen. Iyaye, mu ne muke gina wannan shirun da bulalarmu. Ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda irin waɗannan dabbobi ke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cutar takan yi wata 2 zuwa 3 a jiki ba a ga komai ba, har ciwon ya warke a manta da shi, amma da zarar alamu sun bayyana, yaro ya fara tsoron ruwa yana firgita, kusan babu mai tashi. Uban da ya zane ɗansa saboda kare ya cije shi ya koya wa sauran 'ya'yansa su ɓoye nasu cizon. Ni kan ce wa nawa, "Duk wanda dabba ta ji wa ciwo, ko yaya ƙanƙantarsa, ya zo ya ce Baba ga abin da ya faru, wallahi ba zan taɓa shi ba." Kuma dole ne a cika alkawarin.

Idan cizon ya auku, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a duba agogo, domin lokacin ya fi yadda ake zato tsawo. Kada a shafa toka ko barkono ko ƙonannen gashin karen, kada kuma a ɗaure ciwon tamau. A wuce babban asibiti a ranar, a faɗi cewa cizon kare ne. Da yawa suna tsayawa a kemis a yi wa yaro allurar tetanus su koma gida hankali kwance, alhali wannan allura daban ce, ba ta kare kowa daga haukan kare. Allurar haukan kare ana yin ta a jere cikin ranakun da likita zai tsara, kuma ba a yanke ta don ciwo ya bushe. Shi kuma karen, kada samarin unguwa su taru su kashe shi a jefar a kwalbati. A tsare shi kwana 10 ana lura, a sanar da likitan dabbobi. In ya mutu, ana iya gwada ƙwaƙwalwarsa a wurare irin su cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato. Duk wannan tashin hankali yana raguwa sosai in an yi wa kwikwiyo rigakafi yana wata 3, ana sabuntawa kowace shekara.

Akwai ƙananan kurakurai da ba sa bukatar dogon bayani. Shafa wa kare baƙin mai ko kananzir ko fiya-fiya saboda kaska da ƙuma guba ce, domin yana lashe jikinsa, yara kuma suna rungumarsa. Maganin ƙumar kare ma bai dace da mage ba. Ragowar miya mai yawan albasa tana lalata jinin kare da mage, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soki hanji. Magen da gashinta ke zubewa a zagaye kada ta kwana a shimfiɗar yara, wataƙila makero ne, kuma zai iya komawa kansu. Kwikwiyon da ke amai da gudawar jini a ware shi, a wanke wurin da ruwan bilic, kada a kawo wani sabo nan kusa, domin ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasa. Tattabarar da wuyanta ya murɗe a fitar da ita daga cikin 'yan uwanta tun a ranar.

Abin da ba na iya yin shiru a kansa shi ne ɗaukar dabba marar lafiya da dare a kai ta bola ko bayan gari a yar, da safe a ce wa yara ta gudu. Yaro ɗan shekara 12 ba ya rasa gane gaskiya, kuma abin da zai ɗauka shi ne mai rauni abin yarwa ne. Ya tabbata a hadisi cewa wata mata ta shiga wuta saboda magen da ta tsare ba ci ba sha, wani mutum kuma aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. In kuɗin magani ya gagara, a gaya wa likita haka kai tsaye, zai faɗi abin da ya fi sauƙi. In kuma dabbar ta mutu, a faɗa wa yaran da baki, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, babba ya sa leda a hannu ya ɗauke ta, a binne, sannan kowa ya wanke hannu da sabulu.